Laraba a Jidda: layi lafiya lau, hanya babu

Ban gama karyawa ba Alhaji, mai kamfanin da nake kula wa da na'urori, ya kira. Burodin tamis ɗin da na sayo a ƙasan gidanmu ko hucewa bai yi ba. Ya ce sabon shagon Madina ba ya ganin kwamfutar lissafin kaya da ke nan Jidda, masu saye sun yi cincirindo, yara sun koma rubuta rasit da biro. Kuma ya riga ya yanke hukunci tun daga gida: laifin kamfanin waya ne, in kira su in wanke su tas.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa azahar in duba namu tukuna." Ya yi shiru irin na wanda bai gamsu ba, ya ajiye waya.

Tsarinmu ba wani mai sarƙaƙiya ba ne. Babban ofis a Jidda, reshe a Makka, ga na Madina da aka buɗe kwanan nan, duk a kan Frame Relay, tsohon tsarin layin haya na kamfanin waya da ke haɗa ofisoshi. Jidda ce cibiya. Waya ɗaya ce ta shigo rautarmu ta Cisco, na'urar da ke nuna wa saƙonnin kwamfuta hanya, a cikin wayar aka tsaga hanyoyi biyu, kowace da lambarta da ake kira DLCI: 102 zuwa Makka, 103 zuwa Madina. Babu hanya kai tsaye tsakanin rassan biyu, don kowace hanya kuɗinta daban a wata, Alhaji kuwa ba ya wasa da riyal. Rautocin suna sanar da juna hanyoyi da EIGRP, wata ƙa'ida da suke gaisawa da ita lokaci-lokaci, su yi musayar jadawalin hanyoyi.

Ɗakin na'urorinmu da can sito ne, har yanzu akwai katan-katan na dabino a bayan ƙofa, sanyin iyakwandishan kuma sai da rigar sanyi. Na ja kujera na fara daga ƙasa. Na buga show frame-relay lmi, na zuba ido. Duk daƙiƙa 10 rauta tana tambayar na'urar kamfanin waya ko tana nan, ita kuma tana amsawa. Lambar tambaya da ta amsa suna hawa tare, babu wadda ta bar wata a baya. Sai show frame-relay pvc, mai nuna halin da kowace hanya take ciki: 102 ACTIVE, 103 ACTIVE. Da na ga INACTIVE, da na san can ɓangaren Madina ne ya faɗi. Da DELETED ne, to ko mun rubuta lambar da ba ita ba, ko kamfanin bai buɗe mana hanyar ba, a nan ne kiran da Alhaji yake so zai yi amfani. Na aika ping, wato saƙon gwaji, zuwa rautar Madina, alamun motsin rai biyar suka jeru reras, shaidar duk sun je sun dawo. Layi dai ƙalau yake.

Abin da ke da wuyar fahimtar da mai gida ke nan. A wurinsa, in waya tana aiki to komai ya yi aiki. Alhali rauta biyu za su iya jin juna sarai amma ba su gaya wa juna abin da ke bayansu ba, kuma jadawalin hanyoyin Jidda babu ko ɗuriyar adireshin shagon Madina.

Na kira ɗan yayata da ke riƙe da kwamfutocin shagon can. Ya ɗauka a rikice.

"Kawu, wallahi ban taɓa komai ba."

"Ban ce ka taɓa ba. Shiga rauta ka buga show ip eigrp neighbors, ka karanto min."

"Babu komai, Kawu. Kan jadawalin ne kawai."

A nawa ɓangaren kuwa Madina tana fitowa a matsayin maƙwabciya, ta ɗan jima, sai ta ɓace da saƙon retry limit exceeded, can kuma ta sake dawowa. Wannan ya faɗa min kusan komai. Gaisuwar Madina tana isowa Jidda, ta Jidda ce ba ta isa Madina. Rautarmu tana ta tura mata jadawali tana jiran amsa, sau 16 tana maimaitawa, ita kuwa waccan ba ta san da mu ba balle ta amsa.

Dalilin yana cikin show frame-relay map, taswirar da ke haɗa kowane adireshi da lambar DLCI ɗinsa. Layin Makka ya nuna dynamic, broadcast, wato rauta da kanta ta gano adireshin ta hanyar Inverse ARP. Na Madina static ne, da hannu mai kwangilar da ya haɗa reshen ya rubuta, kuma ya tsaya a 103 bai ƙara kalmar broadcast ba. EIGRP ba ya aika gaisuwarsa ga mutum ɗaya, shela yake yi zuwa 224.0.0.10. Frame Relay kuma ba ta san shela ba, sai an ce wa rauta ta kwafi saƙon ta zuba a kowace hanya ɗaya bayan ɗaya. Ping yana wucewa ne don shi da adireshin mutum ɗaya yake tafiya. Na goge layin na sake rubuta shi da kalmar a ƙarshe. A kan layi marar gudu irin namu gaisuwar duk daƙiƙa 60 take fita, sai na ce wa yaron ya yi haƙuri ya ƙirga. Bai kai ƙarshe ba na ji ya yi kabbara.

Aka kira azahar, aka sauke ƙofofin shaguna, na tafi masallaci da sakakkiyar zuciya.

Bayan la'asar sai ga kiran Makka. Sun nemi duba ko akwai sauran wani kaya a Madina, abu ya ƙi. Kowannensu yana ganin Jidda, amma ba sa ganin juna. Wannan kam ban sha wahalar nemansa ba: split horizon. Ƙa'ida ce mai kyau, rauta ba ta mayar da labarin hanya ta ƙofar da ya shigo, kamar dillaliyar da ba ta kai wa matar gida tallan kayan da ta karɓo a ɗakinta. Don hana saƙo yin ta zagaye aka yi ta. Matsalar ita ce a wurin rautar Jidda, Makka da Madina duk ƙofa ɗaya ce, Serial0/0. Abin da ta ji daga wannan sai ta ƙi faɗa wa wancan.

Magani biyu ne. Mai sauri, a kashe ƙa'idar a wannan ƙofar da no ip split-horizon eigrp 100. Mai kyau, a raba ƙofar gida biyu, kowane reshe da tasa ƙaramar ƙofa ta point-to-point da ɗan yankin adireshinta na /30. Ni na biyun nake so, don yana kawar da rubutun taswira da hannu gaba ɗaya, kuma duk wanda ya gaje ni zai karanta ya gane. Amma sai an sauya adireshi a garuruwa uku, layi ya yanke na ɗan lokaci, ga shaguna cike da masu Umara. Na yi mai saurin. Hanyoyin suka bayyana da harafin D a gefensu, alamar EIGRP ne ya kawo su, kwamfutar Makka ta ga ta Madina.

Yaron ya sake kira, wai daga rautarsa ping zuwa Makka ba ya dawowa. Na ce ya gwada daga kwamfutar kanta. Ya yi, ta tafi. Rautar Makka ba ta da taswirar adireshin wayar Madina, shi ya sa amsar ke maƙalewa, kuma babu mai sayen dabino da wannan zai dama.

Alhaji ya leƙo dab da magariba ya tambaya me kamfanin wayar suka ce. Na ce ban kira su ba. Ya dube ni, ya dubi fitilun rauta, ya ce to madalla, ya kuma tuna min cewa wani ya kawo masa tallan MPLS, wani tsarin haɗa rassa da zai maye gurbin Frame Relay, in duba takardun. Na buga copy run start don adana gyare-gyaren, na rubuta masa a takarda cewa ina neman izinin yanke layi daren Alhamis bayan an rufe shaguna, ya sa hannu a tsaye.