Zauren kwali, tsufan ruwan shayi

Asalina kafinta ne. Gadaje da kujeru nake yi a Zariya, har ranar da wasu ɗalibai masu wasan kwaikwayo suka zo neman wanda zai haɗa musu ƙofar zaure da mutum biyu za su iya ɗauka. Daga nan hannuna ya faɗa aikin dandamali. Yanzu mu biyar ne a shagon, har da mai fenti da yaron da ke haɗa mana fitilu.

Wasu suna ɗauka aikinmu irin na masu kwalliyar wurin biki ne. Ina! Su kyau suke nema, mu kuwa so muke da an yaye labule, tun ɗan wasa bai buɗe baki ba, mai kallo ya gane ko ana ɗora tukunya a gidan nan, ko rasuwa aka yi jiya.

Abin da ya fi cin lokacinmu shi ne tsufar da kaya. Sabon abu yana tona asiri a dandamali. Ka shimfiɗa sabuwar tabarma a ɗakin talaka, ka kashe wasan. Saboda haka labulen ɗaki sai ya kwana cikin ruwan shayi mai kauri, randa a goge ta da toka, a bi saman murhu da gawayi daidai inda hayaƙi yake lasa. Bango kuwa kwali ne ko buhu a kan siraran katako, mu yaɓe shi da jar ƙasa da aka kwaɓa da gam da dusar katako. Daga layi na biyar sai ka rantse ginin tubali ne da ya sha makuba. Dagi ma sai an zana shi ya fi na gaske girma, in ba haka ba na baya ba zai ga komai ba.

Da kuskure na koyi sauran. An taɓa ba ni aikin fada, na zage na shafa fentin mai, ina ta jin daɗi. Ana kunna fitilu bangon ya ɗau ƙyalli, fuskar sarki ta ɓace. Daraktan ya dube ni ya ce, "Malam, fada na ce maka ko shagon tangaran?" A daren muka kankare shi. Tun ranar fentin ruwa nake amfani da shi, kuma ba na zaɓar launi sai na ji irin hasken da zai sauka a kansa. Ruwan ɗorawa yana kawo la'asar da natsuwa, shuɗi yana kawo dare. In kuma aka ajiye fitila a ƙasa ta haska mutum daga haɓa, ko liman ne sai ya koma boka.

Wuri ma yana da nasa. Dandalin wasan Jami'ar Ahmadu Bello da aka gina da ƙasa a shekarun 1970, ɗakuna kewaye da fili, sama a buɗe, ya gama maka rabin aiki: turmi da igiyar shanya sun isa. Zauren taron makaranta mai farin bango da fanka shi ne mai jan kuɗi.

Kuɗin kuwa kullum ba ya kai. Shi ya sa kowane bangonmu fuska biyu gare shi, kuma dole ya shiga a-kori-kura ɗaya. Na wasan makon jiya, gabansa zauren mai unguwa ne, yara suka juya shi cikin duhu ya zama kurkuku.