Inda Layin Koyo Yake Kwanciya

Lokacin da na fara koyon buga rubutu a kwamfuta ba tare da kallon madannai ba, malaminmu ya gargaɗe mu cewa aikin yana da abin da Turawa ke kira "steep learning curve", wato layin koyo mai miƙewa sama sosai, kuma dukanmu muka ɗauka wahala yake nufi, kamar hawan dutse mai tsini. Haka mafi yawan masu jin Turanci suke amfani da furucin a yau. Sai da na fara rubuta yawan kalmomin da nake bugawa a minti ɗaya kowace yamma, ina zana kwanaki a kwance da saurin hannu a tsaye, sannan na gane cewa asalin ma'anar ta saɓa wa wannan fahimta. Layin da ya miƙe sama da hanzari yana nuna mai koyon da ke ƙaruwa sosai cikin ɗan lokaci, kuma makonnina na farko, waɗanda suka fi kowane lokaci daɗi, haka suka kasance.

Tunanin layin koyo ya samo tushe daga Hermann Ebbinghaus, masanin halayyar ɗan Adam na Jamus, wanda a 1885 ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa na haddace gaɓoɓi marasa ma'ana. A 1936 kuma Theodore Wright, injiniyan jiragen sama, ya nuna cewa a masana'antar jiragen sama ta Amurka, duk lokacin da jimillar jiragen da aka ƙera ta ninka, aikin da kowane jirgi ke ci yana raguwa da wajen kashi 20 cikin ɗari.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne binciken da masana biyu na Amurka, Bryan da Harter, suka wallafa a 1897 a kan masu koyon aikin wayar tangaraho, domin sun bayyana lokacin da layin yake kwanciya, mutum yana ta ƙoƙari amma ba ya ganin ƙari. Na shiga wannan hali har na kusa haƙura. Da na lura da kyau, sai na ga ina bin rubutun harafi bayan harafi, kuma duk inda ɓ, ɗ ko ƙ suka fito sai idona ya sauka kan madannai. Na rufe hannuwana da ƙyalle, na riƙa maimaita kalmomi irin su ƙarƙashi da ɗaɗɗaya har yatsuna suka riƙe su a dunƙule. Saurina ya ragu na wasu kwanaki kafin layin ya sake ɗagawa.