Ma'aunin ruwan Agadas bai san abin da ke faruwa a kan dutse ba

Aikin da aka ba ni, a takarda, mai sauƙi ne: in tattara tarihin fari da shekarun ni'ima a duwatsun Azbin da ke arewacin Nijar, daga Agadas zuwa Tabelot, Timiya da Iferwan, in jera su shekara bayan shekara. Wata ƙungiya ce ta ɗauki nauyi. Suka miƙo mini lissafin ruwan sama na tashar Agadas, wanda ya faro tun farkon shekarun 1920, suka ce shi ne ginshiƙi, hirar dattawa kuwa ƙari ce kawai. In maganar tsoho ta saɓa wa lissafin, in gyara maganar tsoho. Har yau wannan umarnin yana ci mini rai.

Lissafin kansa ba ƙarya ba ne. Yana nuna damunoni masu albarka na shekarun 1950, yana nuna faɗuwar da ta fara a 1968 ta kai 1974, lokacin da dabbobi suka ƙare, makiyaya suka cika sansanin Lazare a bakin Yamai, sojoji kuma suka kifar da shugaban Nijar Diori Hamani a watan Afrilun 1974. Yana nuna 1984, shekarar da ruwan da ya sauka a Agadas bai kai milimita 10 ba. Waɗannan babu gardama a kansu. Matsalar ita ce ma'auni ɗaya ne, a gari ɗaya, a gindin duwatsun. Ƙololuwar dutsen Bagzan kuwa ta kai mita 2,022. Hadari na iya zubar da ruwansa duka a can sama, ƙorama ta cika ta sauko, alhali a Agadas ko yayyafi ba a gani ba.

Wani mai lambu a wajen Tabelot ne ya fara rushe mini jadawalin. Na tambaye shi wata shekara da takardata ta sa wa jan alƙalami, na ce, "Baba, yaya kuka yi da farin shekarar nan?" Ya ce wane fari? Ƙorama ta zo musu, albasa ta yi. Sai ya ja ni bakin rijiyarsa, irin wadda raƙumi ke jan guga, ya nuna mini tsohuwar igiya da aka jingine, duk ɗauri-ɗauri a jikinta inda aka yi ta ƙara tsawo. Ya ce, "Malam, in kana neman fari, ga shi nan. Mu ba ma ƙidaya ruwan sama, muna ƙidaya sau nawa ƙorama ta gudu." Ruwan da ƙorama ta zuba cikin yashi shi ke ciyar da rijiyoyi, kuma rijiya ba ta nuna fushinta nan take. Damina na iya ɓaci bana, lambu ya rayu da ajiyar bara, sai baɗi ko baɗin baɗaɗa dabino ya fara bushewa. Shekarar da mai lambu ke kira ta wahala ta kan zo a bayan shekarar da ma'auni ya nuna.

Da na kai wannan ga masu aikin, amsarsu ita ce tsufa ne, ya rikita shekaru.

Matan da ke kiwon awaki su kuma lissafinsu daban. Wata tsohuwa a kusa da Timiya ta auna mini shekaru da itatuwa: shekarar da aduwa ta yi 'ya'ya, shekarar da suka yi ta kaɗa wa awaki 'ya'yan ƙaya da doguwar sanda har babu abin kaɗawa, shekarar da aka koma jiƙa anza ana zubar da ruwan ɗacinta kafin a ci. A kwari ɗaya, mai lambu da mai awaki sukan ba ka shekarun wahala mabambanta, kuma dukkansu gaskiya suka faɗa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gero. Mutanen Azbin ba su noma geron da zai ishe su. Ayarin raƙuma ke zuwa Bilma da Fashi ɗauko gishiri da dabino, a gangara Damargu da ƙasar Hausa a musanyo hatsi. Saboda haka in damina ta ɓaci a Tanut ko Damagaram, yunwa ta shiga duwatsu ko da ƙoramunsu sun gudu. A 1984 abin ya haɗu biyu: ga fari, ga iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta rufe, har Hausawan Nijar suka raɗa wa yunwar suna El Buhari. Ma'aunin Agadas ba shi da layin da zai rubuta rufe iyaka. Haka yake da farin 1913 zuwa 1914, wanda a ƙasar Hausa ake tunawa da shi da sunan Kakalaba. A bakin jikokin waɗanda suka gan shi, ya narke cikin boren da Kawsan, jagoran Abzinawa, ya yi wa Faransawa daga 1916 zuwa 1917 da ramuwar gayyar da suka yi, wadda ta kwashe mutane da raƙuma daga kwaruruka da dama. In wani ya ce maka a zamanin kakansa garinsu ya watse, sai ka bi a hankali ka gano ko rijiya ce ta ƙafe ko bindiga ce ta kore su.

Tsohon tarihi bai ba ni wahala ba, yana nan a rubuce a kan duwatsu. Raƙuman dawan Dabus da aka sassaƙa tsakanin Agadas da Arlit, babban ya haura mita 5, shaida ne na zamanin da wurin yake da ciyawa da ruwa, shekaru dubbai da suka wuce. A Gobero, cikin hamadar Tenere, an tono kaburburan mutanen da suka zauna a bakin tafki suna kamun kifi, fari mai tsawo ya kore su, wasu suka zo daga baya da ruwa ya dawo.

Shekarun ruwa ma jadawalin ya cuce su. An ce in sa musu shuɗin alƙalami, alamar alheri. To amma a farkon Satumban 2009 ƙoramar Telwa ta fasa ta shiga Agadas, gidajen laka dubbai suka rushe, lambuna suka tafi da rijiyoyinsu da injinan ban ruwa. Ba sabon abu ba ne: Bature matafiyi Heinrich Barth ya ga irinsa a 1850, lokacin da busasshen kwari ya zama kogi cikin kwana guda, yana tafiya da dabbobi da itatuwa. Mai lambun da ambaliya ta binne masa rijiya, da wane launi zan rubuta masa shekararsa?

Duk wanda zai yi irin wannan aiki, kada ya shiga gari da shekara a bakinsa. In ka ce "1973", mutum zai ba ka amsar da yake jin kana so. Tambaye shi rijiyar nan yaushe aka ƙara mata zurfi, wane ɗa aka haifa lokacin, nawa ake sayar da tiyar gero, ayari ya tafi Bilma ko bai tafi ba. Daga baya ka zauna ka ɗaura wa labarin shekara. Ka kuma rubuta sunan kwarin da aka yi maganar, domin Tabelot ba Iferwan ba ce. Ka nemi mai fassara ɗan kwarin, ko da dattawan suna jin Hausa, don lissafin dabbobi da na rijiya da Tamashek suke yinsa.

Na miƙa rahotona da layuka huɗu a kowace shekara: ma'aunin Agadas, ƙorama da rijiya, kiwo, sai farashin hatsi. Suka ce ya yi yawa, ba zai shiga shafi ɗaya ba. Da aka buga, layin ma'auni kaɗai suka bari, maganar dattawa aka tura ta can ƙarshe cikin ƙananan haruffa. Kaset-kaset ɗin hirar da littattafan da na cika suna wurina, kuma na riga na fara juyar da su da kaina, kwari bayan kwari, na fara da Tabelot.