Kafin zafin bazara ya kankama

Jiya mai gyara ya buɗe min esin ɗaki, wato na'urar sanyaya ɗaki, na ga aikin da ƙurar hunturu ta yi. Ragar gaba kam kowa na iya cirewa ya wanke, amma bayanta akwai siraran ƙarafan alminiyam da bututun gas ke ratsawa, nan iska ke ɗaukar sanyi. Sun toshe ƙam, shi ya sa ƙanƙara ke kamawa, ruwa na ɗiga a bango. Ya kashe wuta, ya fesa ruwan wanki, ya bi da burushi mai laushi a hankali, don saurin lanƙwashewa gare su. Jama'a, kafin a ce muku gas ya ƙare, ku sa a duba nan tukuna. Nawa ko ɗigo ba a ƙara ba.