Na ajiye aikin lab, ga abin da na fito da shi

Tunda na miƙa takardar ajiye aiki ake ta kira na ana tambaya wai me ya yi zafi, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta, sabbin shigowa kuma su ɗan ƙaru. Maganar gwajin fosforas ce, sinadarin da ke ciyar da gansakuka a ruwan tafki, kuma maganar oga ce.

Duk wanda ya taɓa riƙe kwalbar samfur ya san fosforas ɗin ruwan tafki kala-kala ne. In ka tace ruwa da filta mai maikromita 0.45, abin da ya maƙale shi ne na ɓarɓashi, wanda ke jikin gansakuka da bakteriya da wanda ya manne da laka. Abin da ya wuce shi ne narkakke, shi ma kashi biyu ne, akwai wanda da ka zuba sinadarin molibdet da asid zai ba ka launin shuɗi, wato SRP ɗinmu, akwai kuma wanda ke ɗaure cikin ragowar abubuwa masu rai, shi ba ya amsawa sai an dafa shi da sinadarin fasalfet. TP kuwa, wato jimillar fosforas ɗin gaba ɗaya, ruwan ake dafawa ɗungurungum ba tacewa.

Oga ya ce dafawa ɓata lokaci ne da asarar sinadari, SRP kawai za mu auna mu wuce wajen. Tafkin da aka ba mu kuwa ya yi kore shar, tun daga nesa kana jin warinsa, amma da sakamako ya fito SRP ɗin ƙasa-ƙasa, da ƙyar injin ke ganinsa, shi kenan sai bawan Allahn nan ya rubuta a rahoto wai fosforas ba shi ne matsalar tafkin ba. Na same shi a ofis na ce ranka ya daɗe ai gansakukar ce ta shanye shi, yana cikin jikinta, a irin wannan lokacin ɗan abin da ke narke ko mintuna ba ya yi an ɗauke an sake sakinsa. Kamar ka leƙa aljihun ɗan kasuwa ne ka ga ba ko sisi ka ce talaka ne, alhali kuɗin na cikin kaya yana juyawa. Na tuna masa ma'aunin ƙungiyar ƙasashe ta OECD na 1982 da shi kansa ya sa a rahoton, maikrogiram 35 zuwa 100 a lita ga tafkin da fosforas ya yi wa yawa, na TP ne, ba a ɗora SRP a kansa. Amsar da na samu ita ce, ke yaushe kika zo, ki je ki yi abin da aka sa ki.

Samfur na ƙasan ruwa ma hanawa ya yi, wai na sama ya isa. Alhali tun 1941 masanin tafkuna Mortimer ya nuna in oksijin ya ƙare a ƙasa, sinadarin ƙarfen da ke riƙe da fosfet, wani nau'in fosforas, a cikin laka yana sakinsa ya dawo ruwa, shi ya sa za ka toshe duk wata kwata da ke shiga tafki amma ya yi shekaru yana kore. Wallahi ba wani sabon ilimi ba ne wannan. Wani masani Schindler a Kanada ya raba Tafki 226 gida biyu da labule a 1973, gefen da aka ƙara wa fosforas ne ya rikiɗe ya koma kore. Sannan a Tafkin Erie da ke tsakanin Amurka da Kanada, narkakken da ke gangarowa daga gonaki ne ya yi ta hauhawa tun tsakiyar shekarun 1990, har a watan Agusta 2014 aka hana mutanen birnin Toledo shan ruwan famfo saboda gubar gansakuka. Kowane kashi da labarin da yake bayarwa, ko wanne ka yar za ka yi wa tafki ƙarya.

Rahoto ya dawo da jan biro, tambayar farko ina TP. A mitin, gaban kowa, oga ya juyo ya ce ma'aikaciyar lab ce ta tsallake gwajin ba da saninsa ba. Waɗanda suke wajen ranar da ya kore ni daga ofis suna zaune, kowa ya sunkuyar da kai yana duba waya. Ban ce komai ba, kuma har yau ban ji an ce min yi haƙuri ba, ba kuma jira nake ba.

Sauran a taƙaice. Umarnin da zai canja hanyar gwaji a rubuce za ka karɓe shi. Ka tace samfur a bakin ruwa, in ka bari sai ka dawo lab bakteriya sun riga sun canja maka lissafi. Kar sabulu ya taɓa kwalba, asid ake wanki da shi. SRP ba tsantsar otofosfet (fosfet ɗin da gansakuka ke sha kai tsaye) ba ne, asid ɗin gwajin na ɓalle wasu daga cikin na ɗaure ya ƙara yawan, masani Rigler ya nuna haka tun shekarun 1960, sinadarin asenet ma in yana cikin ruwa yana ba da shuɗin ƙarya.

Wanda zai gaje ni, akwai kwalabe a firij na baya, ban tace su ba na zuba musu asid, na sama da na ƙasa, kwanan wata na jiki. Da kaina na ɗebo ba da izinin kowa ba. In oga ya tashi neman TP suna nan, sai dai a yi sauri kar su wuce lokacinsu.