Kalmar sirrin daidai take, agogon ne ke ƙarya

Makona na biyu a ɗakin kwamfutoci aka bar min aikin da kowa ke gudu. Kwamfuta ɗaya a layin da ke gefen taga ta daina karɓar kowa. Ka rubuta sunanka da kalmar sirri, ta yi jim, ta ce ba daidai ba ne. Ka matsa kujera ta gaba da sunan nan da kalmar nan, ta buɗe maka nan take. A lokacin ban fi wata uku da fara taɓa Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfutocinmu, ba, kuma a ganina shiga kwamfuta magana ɗaya ce, ko kalmar sirri ta yi daidai ko ba ta yi ba. Sai na sake wa wani ɗalibi tasa. Har sau biyu. Bawan Allah ya haƙura ya haddace sabuwa, kwamfutar ta ƙi ta ita ma.

Malamin da ke koya min aikin ya tsaya a bayana ya ɗan kalla, sannan ya ce, "Ta ma san shi kuwa?" Ban gane tambayar ba. Ya ja allon rubutu, ya shiga da asusun root, wato na mai cikakken iko a kan na'urar, ya buga umarnin id da sunan ɗalibin. Lambarsa ta fito, da rukunonin da yake ciki. "To, ta san shi. Yanzu mu ji ko ta yarda shi ne." Ya buga kinit da sunan, umarnin da ke neman shaidar shiga daga sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe asusun kowa, ɗalibin ya sa kalmar sirrinsa, sai ga layi ɗaya mai cewa Clock skew too great, wato tazarar agogo ta yi yawa. Agogon kwamfutar ya yi baya da minti 12. Ƙaramin batirin da ke riƙe lokaci a cikinta ya raunana, manhajar chrony da ya kamata ta riƙa daidaita shi kuma a kashe take tun ranar da aka girka na'urar.

Na ce, "Malam, ina ruwan agogo da kalmar sirri?"

Amsar tana cikin yadda aka gina Kerberos, tsarin tantance masu shiga da aka ƙirƙiro a jami'ar MIT ta Amurka a shekarun 1980, wanda siga ta 5 ɗinsa ta fito a 1993 kuma har yau ita ake amfani da ita. Ba ya aika kalmar sirrinka ta cikin waya. Abin da yake aikawa shaida ce da aka kulle da mabuɗin da aka ciro daga kalmar, a cikinta kuma akwai lokacin da aka yi ta. In wani ya tsinci saƙon a hanya ya sake tura shi daga baya, lokacin da ke jiki zai tona masa asiri. Shi ya sa aka bar tazarar minti 5 kacal tsakanin agogon kwamfuta da na sabar. Tamu ta wuce wannan iyaka, sai aka ɗauke ta tamkar ɓarawo mai maimaita tsohon saƙo. Tsarin bai lalace ba, aikinsa yake yi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda malamin ya raba tambayar. Allon shiga amsa ɗaya yake bayarwa ga kowace irin matsala, kuma da gangan ne, don kada mai gwada sa'a ya gane ko sunan ya ci ko kalmar ce ta faɗi. Amma a bayan allon masu gadi daban-daban ne. Akwai mai duba ko sunan nan yana cikin rajista, shi ne NSS, kuma fayil ɗin nsswitch.conf ne ke gaya masa inda zai leƙa, ko cikin na'urar ko wajen sabar LDAP mai riƙe kundin sunayen kowa. Akwai mai tabbatar da cewa kai ne mai sunan, wannan aikin PAM ne, a wajenmu shi ke miƙa maganar ga Kerberos ta hannun SSSD, manhajar da ke haɗa na'urar da sabar. Bayan an yarda kai ne, sai a duba ko an ba ka izinin shiga wannan na'urar musamman. Sannan a buɗe maka wurin zama. Kowanne yana iya faɗuwa shi kaɗai sauran na tsaye, kuma kowanne akwai hanyar tambayarsa kai tsaye ba sai ta allon shiga ba. Ni kuwa na yi awa biyu ina dukan ƙofa ɗaya.

Mataki na ƙarshen nan ya sake kama ni bayan 'yan kwanaki. Wata ɗaliba ta sa kalmar sirrinta, allo ya yi baƙi na daƙiƙa biyu kamar zai buɗe, sai ya dawo da ita farko. Ba saƙon kuskure, ba komai. Ashe an san ta, an yarda da ita, an ba ta izini, amma babu jakar gidanta, wato ma'ajiyar fayilolinta, a wannan kwamfutar, don ba a kunna pam_mkhomedir mai ƙirƙirar ta a shigar farko ba. Da na gwada shigar da ita ta baƙin allo na rubutu zalla, nan take na'urar ta faɗi abin da ke damunta. Allon hoto yana haɗiye saƙonni da yawa.

Garin gyara wannan ne na yi ɓarnar da har yau nake jin kunyarta. Na buɗe fayil a cikin /etc/pam.d, inda saitunan PAM suke, na ƙara layi, na yi kuskuren harafi ɗaya a layin da ke samansa ban lura ba, na adana, na fita daga asusun root don in gwada. Shi ke nan. Ɗalibar ba ta shiga ba, ni ban shiga ba, root ma bai shiga ba, domin duk ta PAM ɗin nan ake bi. Sai da muka tayar da na'urar daga filashi muka gyara harafin. Malamin bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Wanda zai gyara kwaɗo ba ya rufe kansa a waje." Tun ranar, kafin in taɓa PAM sai na kwafi fayil ɗin na ajiye, na bar taga ɗaya ta root a buɗe, in yi gwajin a wata tagar daban.

SSSD kuwa yana da halayensa da ke rikita sabon shiga. In ba root ne mai fayil ɗin sssd.conf ba, ko izininsa ya fi 600 sakewa (600 na nufin mai fayil kaɗai ke iya karantawa da rubutawa), sigar da muke da ita ƙin tashi take yi gaba ɗaya. In ka buga getent passwd, umarnin jero masu asusu, ba tare da suna ba, ba za ka ga mutanen sabar ba, sai ka ɗauka haɗin ya yanke, alhali haka aka saita shi tun asali don kada ya jawo dubban sunaye a banza. Saka suna ɗaya, zai fito. Mafi wayo a ciki shi ne ma'ajiyarsa. Yana riƙe bayanan da ya taɓa samowa don mai kwamfutar tafi-da-gidanka ya iya aiki ko babu hanyar sadarwa, abu mai kyau, amma hakan na nufin id zai iya nuna maka mutum lafiya lau alhali na'urar ta kwana biyu ba ta ji ɗuriyar sabar ba. Haka in ka saka mutum a sabon rukuni bai bayyana ba, ba lallai ka yi kuskure ba, tsohon bayani ake karanto maka. Umarnin sss_cache -E yana sa a sake tambayowa. Yanzu ina gwaji da sunan wanda bai taɓa zama a kan na'urar ba.

Wani abin da ban so yarda da shi ba da farko: rabin abin da ake kawo min da sunan matsalar shiga, matsalar DNS ce, tsarin da ke gaya wa kwamfuta adireshin da ke bayan kowane suna. Kwamfutar da aka haɗa da Active Directory, tsarin Microsoft na riƙe asusun masu shiga, ba ta haddace adireshin sabar, tambayar DNS take yi ta bayanan da ake kira SRV a nuna mata mai amsa LDAP a tashar 389 da mai amsa Kerberos a tashar 88. Wani ya ga intanet na jan ƙafa, ya sauya DNS ɗin na'urar zuwa na waje, shafuka suka riƙa buɗewa da sauri, washegari ba mai iya shiga. DNS na waje bai san sabar cikin gida ba. Haka sunan daular Kerberos, wato yankin da sabar ke iko da shi, a al'ada da manyan haruffa ake rubuta shi, kuma yana bambanta babba da ƙarami. Na taɓa ɓata yamma guda a kan wannan.

Rajistan abin da ya faru kuwa, da tsoronsa nake ji saboda yawan layuka. Dabarar da ta raba ni da tsoron ita ce in buɗe journalctl -f a taga ɗaya, in sa mutum ya gwada shiga, in karanta layukan da suka faɗo a daidai wannan lokacin kawai. Yawanci ba sa wuce goma. In ba su isa ba, sai in ɗaga debug_level, ma'aunin yawan bayanin da ake rubutawa, a sssd.conf in leƙa /var/log/sssd, in tuna in mayar da shi bayan na gama, don na taɓa mantawa har faifan ya kusa cika.

Watan jiya aka kawo mana sabuwar mai koyon aiki. Na same ta tana shirin sake wa wani kalmar sirri a kan wata kwamfuta da aka dawo da ita daga gyara. Na ce ta dakata ta buga date, umarnin nuna kwanan wata, tukuna. Na'urar ta ce muna watan Janairu, alhali muna tsakiyar Yuni.