Ga ƙannena masu jiran aikin Kolmani

Ranar 22 ga Nuwamba 2022, da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Alkaleri ta jihar Bauchi da Akko ta jihar Gombe, ina cikin waɗanda suka kwana suna jera takardu. Na gama karatun injiniyan lantarki a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da ke Bauchi, na yi bautar ƙasa, ga kuma rijiyar mai a bayan gida. Na ɗauka kakarmu ta yanke saƙa.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne haƙar mai ba ta ɗaukar jama'a da yawa. Kuɗi take so, da manyan injuna, da ƙwararru 'yan kaɗan, kuma tsakanin gano mai da fara sayar da shi akan kwashe shekaru.

Wata shida ina zaune, sai Kawu ya kai ni wurin wani mai haɗa sola a unguwar Jekadafari, cikin garin Gombe. Ranar farko maigidan ya miƙo min ma'aunin wuta ya ce, "Injiniya, bismillah, duba mana batiran nan." Lissafin na san shi a takarda, amma hannuna rawa yake yi. Bai yi dariya ba, ya kama hannun ya nuna min.

Ana haka aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, janareta ya gagari mutane. Masu ƙanƙara, masu shagon magani, manoman rani na Dadin Kowa, kowa sola yake nema. A nan na ga amfanin digirina. Masu haɗa sola da yawa da ka suke haɗawa: a sa siririyar waya inda ake buƙatar mai kauri, a kulle batir a ɗakin da iska ba ta shiga, zafin watan Afrilu ya cinye shi. Wanda ya iya lissafa nauyin wutar gida kafin a sayi kaya, nemansa ake yi. (Ko goge ƙurar hunturu daga kan farantan sola sai ka koya wa mai gida.)

Ban ce ku daina neman aiki a NNPC ko tallafin karatu na PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, ba. Ku nema. NAPTIN, cibiyar horo ta gwamnatin tarayya, ita ma tana horar da masu aikin lantarki, kuma dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. Amma zaman jiran nan yana damuna ƙwarai.

Jibi muna da aikin famfon rijiyar burtsatse a Kumo. Yaran aikina biyu ne, dukansu sakandare suka gama. Tun bara nake neman mai digiri ɗaya da zai yarda ya hau rufin kwano da ni.